Kakin da Ya Koma Takarda



A shekarar 2007, a garin Burlington na Amurka, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Iraƙi, Drew Cameron, ya yayyanka kakinsa. Shi da abokinsa Drew Matott, gwanin haɗa takarda, suka jiƙa tsummokaran, suka kirɓa har suka yi laushi kamar kunu, suka tace, suka shanya. Kaki ya koma takarda, ana zane a kanta. Mafarin shirin Combat Paper ke nan.

A asibitin sojoji na Walter Reed kuwa, wata mai jinya ta hanyar zane, Melissa Walker, farar fuskar roba ko ta takarda take miƙa wa soja da fenti, ta ce ya yi mata yadda ya ga dama. Wani ya tsaga ta gida biyu, wani ya ɗinke bakin. Mujallar National Geographic ta buga hotunansu a 2015.

Me ya sa hannu ke yin abin da ya gagari baki? Tashin hankalin fagen fama ba ya zama a ƙwaƙwalwa kamar labari mai farko da ƙarshe. Gutsi-gutsi yake zama: ƙaurin baruti, ƙarar mota, fuskar abokin da ya faɗi. Ka ce da mutum, "Me ya faru?" sai ya ce, "Ba komai." Ba ƙarya yake yi ba, bai san ta inda zai kama ba ne. Amma idan ya ɗora abin a takarda ya ajiye a gabansa, ya sami abin nunawa da yatsa, daga nan magana ke ɓarkewa.

Sai dai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojojin Amurka a karkara suke, nesa da irin waɗannan asibitoci. Shi ya sa asibitinsu da ke Gainesville a Florida ya koma yin zaman ta bidiyo, mutum na ɗakinsa yana zane, mai jinyar na kallo. Dabara ce mai kyau, amma ina da 'yar fargaba. Fenti kan tono abin da aka binne, alhali mai rarrashin yana can bayan gilashi.

Mu fa? Tun 2009 'ya'yanmu ke faɗa a Arewa maso Gabas, kuma da yawa ƙauye suke komawa bayan ritaya. Wanda ke zabura da dare, a ce iska ce, ko shaye-shaye, kamar yadda aka riƙa cewa wasu kakanninmu da suka dawo daga yaƙin ƙasar Burma sun taɓu. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Kware, amma wane tsohon saje ne zai yarda a gan shi a ƙofarsu?

Na san wani zai ce zanen fuska bai dace da addininmu ba. To, wa ya ce dole sai fuska? Muna da zayyanar allo, da ɗinkin hula, da sassaƙar ƙwarya, da dagin bango. Abin da muke nema shi ne ma'aikacin lafiya da aka horar, wanda zai zauna kusa da mai ɗinkin a ƙarƙashin inuwar dalbejiya, ya lura da lokacin da allura ta tsaya cak a hannunsa, ya kuma san tambayar da zai yi masa a daidai wannan lokaci.