Rundunar Jiragen Ruwan Sifaniya ta 1588

A shekarar 1588 Sarki Filip na Biyu na Sifaniya, ɗan Katolika, ya tura jiragen ruwa kimanin 130 daga Lisbon domin tumɓuke Sarauniya Elizabet ta Ingila, 'yar Furotesta. Addini ne a baki, amma akwai dukiya a zuci: Francis Drake, matuƙin jirgin ruwa na Ingila, ya daɗe yana wawure azurfar da Sifaniya ke kwasowa daga Amurka.

A gaɓar Kale ta Faransa, Turawan Ingila suka cinna wa jirage 8 wuta cikin dare, suka sako su kan rundunar Sifaniya. Rundunar ta watse, guguwa ta ƙarasa aikin a gaɓar Ayilan.

Abin da ke ci mini rai shi ne matuƙan Ingila. Sun yi nasara, amma cuta ta riƙa kashe su a tashoshin ruwa suna jiran albashinsu.