Kafin Ka Ce "Na Saya": Motocin Tokunbo Da Ake Cewa An Duba Su

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan makanikai ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Ojoo)

 

Shugaba ya ce in yi magana a kan sayen mota ta hannu, watau wadda mutanen garin nan ke kira tokunbo, a gida kuma ake ce mata Beljiyam ko Kwatano. Ni ba mai iya magana ba ne, yawancin shekaruna a ƙarƙashin mota na yi su. To amma ƙarar da ake kawowa gaban dattawa a kan wannan al'amari ta yi yawa, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: mutum ya tara kuɗinsa na shekaru, ya je wurin dila, an nuna masa mota tana ƙyalli, an ce "an duba ta sarai, injiniyanmu ya sa hannu", bayan sati biyu tana gareji. Ya koma, a ce masa ai an riga an sallama.

Bari in fara da kaina don kada a ce ina yi wa wasu dariya. A shekarar 2018 na raka wani ƙanena, mai jigilar fasinja daga nan zuwa Ilori, wani babban wurin sayar da motoci. Ba zan faɗi wurin ba. Wuri ne mai kyau, da ofis da na'urar sanyi, har da takarda manne a gilashin kowace mota an jera abubuwan da aka ce an duba, kowanne da maki a gabansa. Takardar nan ita ta kashe mini jiki. Na saurari inji, na ji lafiya, na leƙa ƙasa ban ga ɗigo ba, na ce ya biya. Kafin wata ya cika, gilashin ƙofa ya daina sauka, fitilun gaban direba suka fara kamawa suna mutuwa da kansu, daga nan giya ta soma fizga. Da mai riwaya ya ɗaga kafet, sai ga busasshen taɓo da tsatsa a kan wayoyi. Motar nan ta kwana cikin ruwa tun kafin ta hau jirgi. Ni da nake koya wa yara aiki, ban ɗaga kafet ba.

Daga ina irin waɗannan ke fitowa? A Amurka, idan mota ta yi mummunan haɗari ko ambaliya ta cinye ta, kamfanin inshora kan biya mai ita, ya rubuta a takardarta cewa ta tashi daga aiki, ya kai ta gwanjo irin su Copart da IAA. A watan Agusta na 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Kafin ta an yi Katrina a 2005 da Sandy a 2012. Daga wuraren gwanjon nan ne 'yan kasuwa da yawa ke saye da araha, a loda zuwa Ikko ko Kwatano, a gyara jiki, a fesa fenti, a wanke inji. Sayen mota mai rauni a gyara ta ba laifi ba ne. Ɓoye raunin ga mai saye shi ne laifin. Kuma kada mu ɗora wa Turawa duka, ambaliyar da aka yi a nan Ibadan ranar 26 ga Agusta 2011 ita ma ta jiƙa motoci, kuma ba duka aka jefar ba.

Wani zai ce ai matsalar ta ƙasarmu ce, can waje in an ce an duba to an duba. Ba haka ba ne. A 2016 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin General Motors da wasu manyan diloli, daga baya har da CarMax, a kan suna tallar cewa sun yi wa motocinsu bincike mai tsanani, alhali a cikinsu akwai waɗanda masana'anta ta kira a mayar don gyaran aibi mai haɗari, ba a kuwa yi gyaran ba. An sasanta a kan dole su riƙa bayyana wa mai saye. Babban misalin irin wannan aibi shi ne jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka kira kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, saboda takan fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba. Zafi da laima su ke ƙara lalata ta. To ku duba yanayin garin nan da damina, ku yi lissafi da kanku.

Yanzu ga abin da nake so 'yan'uwa su riƙe. Kowace mota da aka ƙera tun daga 1981 don kasuwar Amurka tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ƙofa. Ka fara gwada su da juna, ka gwada da takardun kwastan. In harafi ɗaya ya saɓa, ka tafi abinka. Na goma a jerin shi ke nuna shekarar mota, don haka wanda aka sauya wa fitila da bamba aka ce ta 2012 ce alhali ta 2008 ce, a nan asirin ke tonuwa. Ka ba ɗanka mai waya lambar ya bincika a intanet. Akwai masu karɓar ɗan kuɗi kamar Carfax su ba ka tarihin motar, haɗari, ambaliya, da adadin mil ɗin da aka rubuta mata a can. Sau da yawa har hoton ranar gwanjo ake samu, ka ga motar da ke gabanka tana ƙyalli gabanta a murƙushe. Na sha ganin wadda agogonta ke nuna ƙasa da rabin tafiyar da ta yi.

Sannan ka je da makanikenka, ba na dila ba, ba kuma wanda ɗan kamasho ya kawo ba. Ka biya shi kuɗin yininsa ko an saya ko ba a saya ba, don kada cikinsa ya rataya ga cinikin. Ku je da sassafe inji na sanyi, domin mai ɓoye hayaƙi da ƙara yakan ɗumama mota kafin ka iso. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilun gargaɗi duka su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an toshe ta, musamman ta inji da ta jakar iska. Motocin Amurka daga 1996 suna da wurin da ake soka na'urar gano cuta, kuma yanzu masu wannan na'ura sun yi yawa a gari. A buɗe marfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara, ruwa na shiga inji. A duba salansa ko an yanke abin nan da makanikai ke kira indomi an sayar. A ja bel ɗin kujera har ƙarshe a nemi shatin ruwa, a duba ramin safaya, a sunkuya a ga ƙarfen da kujeru ke gudu a kai. Mota mai ƙamshin turare da yawa, ka tambayi kanka me ake rufewa. Kuma kada ka yarda da zagayen cikin fili. A hau titi da ita, a bi hawa, giya ta shiga duka, a taka birki da ƙarfi.

Maganar kwastan kuwa gajeriya ce. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma a 2022 kwastan suka koma ƙiyasta haraji da lambar shasi. Duk wanda zai bi hanyar Oyo zuwa Arewa ya san shingayen da ke gabansa. Ka kai lambar takardar ofishin kwastan a tabbatar an biya haraji cikakke, kafin kuɗinka ya fita.

To, in an riga an saya, aibi ya fito fa? Kada ka bari a kwance injin tukuna, domin da zarar an taɓa, dila zai ce makanikenka ne ya ɓata. A ɗauki hoto, a rubuta ranar, a koma da shaidu biyu. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibin da ba a bayyana ba. Malamanmu na zaune, su ma za su gaya muku fikihu ya san zaɓin aibi: wanda ya ga tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Kun san labarin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. Ranar da muka ɗaga kafet ɗin nan shi na tuna. Amma fa duk wannan haƙƙi sai da hujja yake tsayawa. Mu da ƙanena rasit kawai muke da shi, an rubuta kuɗi da lambar mota, ba kalma ɗaya a kan lafiyarta. Takardar gilashin ma sun cire ta ranar da muka ɗauka. Sai da dattawa suka yi zirga-zirga kusan wata biyu kafin aka ba mu abin da bai kai rabin kuɗin gyara ba.

Iyayenmu da suka zauna Sabo tun 1916 ba su yi cinikin shanu da goro da baki kawai ba. Bature mai bincike Abner Cohen, wanda ya zauna cikinsu ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa: dillalinsa ya sayar wa mahauci da bashi, in mahaucin ya ƙi biya, maigida ke biya daga aljihunsa. Shi ya sa ba ya haɗa ciniki da wanda bai sani ba. Yau ɗan kamashon mota yakan karɓa a hannun mai saye, ya karɓa a hannun dila, ranar da giya ta mutu wayarsa a kashe. Wasunsu 'ya'yanmu ne, a sahu ɗaya muke salla, kuma kunya ce ke hana mu magana.

Saboda haka nake roƙon shugaba da 'yan kwamiti abu biyu. Na farko, sakatare ya buga mana takardar yarjejeniya guda, da Hausa da Turanci da Yarbanci, mai gurbin lambar shasi, da adadin mil, da amsar dila a rubuce ko motar ta taɓa haɗari ko ruwa, da kwanakin da ya yarda zai karɓi abinsa ko ya gyara in inji ko giya suka ba da matsala. Dila ya sa hannu, ɗan kamasho ya sa nasa a matsayin wanda ya tsaya. Dilan da ya ce ya duba motarsa sarai bai kamata wannan ya yi masa nauyi ba. Na biyu, a ware makanikai uku daga cikinmu, mai inji da mai riwaya da mai gyaran jiki, a yanka musu ladan da kowa ya sani, duk ɗan ƙungiya mai niyyar saye ya nemi rakiyarsu. Ni na sa sunana, kuma ranar Asabar bayan la'asar ina gareji ga duk wanda yake so in nuna masa inda lambar shasi take a motarsa.