Awon Jini da Sanin Ƙarfin Ciwon Kumburin Hanji



Ciwon kumburin hanji mai daɗewa iri biyu ne. Akwai gyambon babban hanji, wanda Samuel Wilks ya bayyana a Landan cikin 1859. Akwai kuma cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninta a Amurka cikin 1932. Halinsu duka shi ne su lafa su sake tashi. In likita ya ɗauka ciwon ya kwanta alhali yana ci a ɓoye, hanji ya lalace. In kuwa ya ƙara maganin danne garkuwar jiki ba dalili, ya buɗe wa wasu cututtuka ƙofa. Don haka ake neman shaida daga jini.

Awo na farko shi ne na kwanciyar jini, bisa tsarin Westergren na 1921. Akan zuba jini cikin siririn bututu, a bar shi tsaye sa'a guda, sannan a duba milimita nawa jajayen ƙwayoyin suka sauka. Kumburi yakan sa su manne wa juna su nutse da sauri. Awon yana da araha, sai dai yakan yi kwanaki kafin ya sauya.

Na biyu shi ne sinadarin CRP, wanda Tillett da Francis suka gano cikin 1930. Hanta ce ke yinsa. Yakan fara hawa cikin 'yan sa'o'i, in kumburi ya lafa kuwa rabinsa kan gushe cikin sa'a 19. Saboda haka shi ya fi nuna ko magani na aiki.

A Oxford ta Ingila aka ɗaure waɗannan alƙaluma da hukunci. Cikin 1955 Truelove da Witts suka ce gyambo ya tsananta in majiyyaci na bayan gida da jini sau 6 ko fiye a rana, tare da wata alama, kamar kwanciyar jini da ta wuce milimita 30. Cikin 1996 Travis ya nuna cewa in aka kwana 3 ana magani a asibiti, CRP na sama da miligiram 45 a lita, bayan gida kuma sau 3 zuwa 8, to kashi 85 cikin 100 sai an cire musu babban hanji.

Amma jini shaida ne, ba alƙali ba. Yakan ce akwai gobara, ba ya faɗin gidan da ke ci. Wani majiyyacin hanjinsa na kumbure, CRP ɗinsa bai motsa ba. A ƙasar Hausa kuwa zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da atuni duk suna ɗaga shi. Ƙarancin jini da juna biyu suna hanzarta kwanciyar jini, sikila tana rage ta. Tarin fuka na hanji yakan yi kama da cutar Crohn ƙwarai, kuma ba mai atunin amiba maganin danne garkuwa na iya jawo hudewar hanji.

Wajibi ne, ke nan, a haɗa awon jini da na bayan gida, domin neman ƙwayoyin cuta da sinadarin kalfurotektin, a kuma leƙa hanjin da na'ura, gama gani ya kori ji. Majiyyaci kuwa ya adana takardun awonsa, domin hawa da saukar alƙaluman cikin watanni sun fi lamba guda faɗin gaskiya.