HUTUN HAIHUWA: ABIN DA MAI JEGO KE SAMU A WURIN AIKINTA

Jawabin da aka yi wa wani taron mata ma'aikata da 'yan kasuwa a Jos.



An nemi in yi magana a kan hutun haihuwa da kuɗin da ake biyan mace a lokacinsa. Kafin in taɓa doka, bari mu tuna da abin da muka gada. Tun kafin a kafa ofis ko kamfani a ƙasar nan, mai jego tana da kwana arba'in nata. Ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunun kanwa, wata ce ke yi mata daka da ɗebo ruwa, in haihuwar fari ce ma gidan iyayenta take tafiya goyon ciki. Dangi ne ke ɗaukar nauyin hutun nan. Yau mace ta fita neman albashi, dangin kuma sun watsu cikin garuruwa. To, wa zai ɗauki nauyin? Amsar ta danganta ga inda mace take aiki, kuma bambancin da ke tsakani yana da yawa ƙwarai.

Mu fara da dokar da ta zama tushe, wato Dokar Ƙwadago wadda aka kafa a 1974, zamanin mulkin soja. Sashe na 54 ya ba mace mai aiki a masana'anta, ko kamfanin ciniki, ko gona, ikon barin aiki idan ta kawo takardar likita cewa saura mako 6 ta haihu. Bayan ta haihu kuma an hana a sa ta aiki sai ta cika wani mako 6. Jimla mako 12 ke nan. Idan ta yi wata 6 tana aiki a wurin ba yankewa, wajibi ne a biya ta abin da bai kasa rabin albashinta ba. In ta koma aiki tana shayarwa, tana da rabin sa'a sau biyu a rana don ta ba jariri nono. An kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. Sai dai dokar ta faɗi a fili cewa kuɗin asibiti ba ya kan mai aikin. Ku lura, mako 6 ɗin bayan haihuwa kwana 42 ne, wato arba'in ɗin kakanninmu da ɗoriyar kwana biyu. Fiye da shekara 50 ke nan ba mu wuce nan ba.

Yanzu mu ɗauki mata huɗu a cikin garin nan namu, mu ga rabon kowacce.

Ta farko ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya ce, irin waɗanda ke ofisoshin tarayya da ke nan Jos. Ƙa'idojin aikin gwamnati na 2008 sun ba ta mako 16 da cikakken albashi, in ta dawo kuma ana rage mata sa'a biyu kullum har wata 6 saboda shayarwa. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ba mijin da ke aikin gwamnati kwana 14 na aiki idan matarsa ta haihu. Wasu jihohi ma sun zarce haka. Jihar Legas ta mai da hutun wata 6 a 2014 ga haihuwa ta farko da ta biyu, Jihar Inugu ta bi sahu a 2015, maƙwabciyarmu Jihar Kaduna kuma a 2019.

Ta biyu tana aiki a kanti, ko otal, ko wani ƙaramin kamfani. Ita Dokar Ƙwadago ce gatanta, mako 12 da rabin albashi. Mu yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mai da naira 70,000 a wata a 2024. Rabinsa naira 35,000 ne. A cikin kusan wata uku za ta karɓi wajen naira 105,000. 'Yar'uwarta mai albashi iri ɗaya a jihar da ke ba da wata 6 za ta karɓi naira 420,000, wato ninki huɗu. Naƙudarsu ɗaya, kuɗin ragon suna ɗaya, kuɗin magani ɗaya. Daɗin daɗawa, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka mata da yawa rabin da za a ba su bai kai ko 35,000 ɗin ba.

Ta uku mai ilmi ce, tana riƙe da muƙamin gudanarwa ko aikin ƙwararru a kamfani mai zaman kansa. Mutum zai zaci ta fi kowa kariya, alhali kuwa ma'anar “ma'aikaci” a Dokar Ƙwadago ta fitar da masu irin wannan muƙami daga ciki. Abin da ke rubuce a takardar ɗaukarta aiki, ko yarjejeniyar da ƙungiyarta ta ƙulla da kamfani, shi ne madogararta. Wani kamfanin yana ba da cikakken albashi, wani kuwa ba ya ambaton zancen ko kaɗan. A nan ne kuma ake samun dabarar ɗaukar mata aikin wucin gadi na 'yan watanni, da zarar ciki ya fito sai a ƙi sabunta takarda, a ce ai ba korarta aka yi ba, wa'adi ne ya cika.

Ta huɗu ita ce mafi yawa, kuma ita ce ba ta da komai. Ita ce mai kasa tumatir da kabeji a Farin Gada, mai ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, mai wankin kuza a bakin kududdufan Bukuru da Barikin Ladi. Tun da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanonin haƙa suka ja baya, aikin ya koma hannun ƙananan masu haƙa, mata kuma na cikinsu da kwano da ɗan goyo. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2023 ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna irin wannan sana'a ce, wadda ba takarda ba albashi. Ranar da wannan mace ba ta fita ba, tukunya ba ta hau wuta ba. Hutunta shi ne abin da adashi ya tara mata, shi ya sa za ka gan ta a kasuwa tun ba a yi arba'in ba.

Jama'a, abin da ke cikin wannan magana ya wuce kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar da jariri nono zalla har wata 6. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 29 cikin ɗari kacal na jariranmu 'yan ƙasa da wata 6 ke samun haka. Muna gaya wa uwa a wurin awo ta shayar wata 6, doka kuma tana mai da ta bakin aiki bayan mako 6. Yaya za ta haɗa biyun nan?

Akwai masu cewa in aka tsawaita hutun, masu kamfani za su daina ɗaukar mata aiki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kada mu raina ta. Mai shagon ɗinki da ke da ma'aikata biyar, in aka ce ya biya albashin wata 6 ga wadda ba ta zuwa, ya kuma ɗauki wata a madadinta, gobe namiji zai nema. Tushen matsalar shi ne dokarmu ta ɗora kuɗin duka a kan mai aikin shi kaɗai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hango wannan tun da daɗewa. Yarjejeniyarta ta 2000, mai lamba 183, ta ce hutun kada ya kasa mako 14, kuɗin kada ya kasa kashi biyu cikin uku na albashi, a kuma biya shi daga asusun inshora na bai ɗaya ko daga baitulmali. Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar hutun mako 14 ne, kuma asusun jin daɗin ma'aikata na ƙasar yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Mu ma mun san hanyar, domin tun 2010 doka ta sa masu kamfani su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi a asusun biyan diyyar wanda ya ji rauni a wurin aiki. Abin da aka yi wa karayar ƙafa ana iya yi wa haihuwa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga 'yan majalisarmu, a gyara sashe na 54, a kai hutun aƙalla mako 14, a kafa asusun da kowane mai kamfani zai zuba ɗan abu ko yana da mata ko ba shi da su, a kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su shiga ta hanyar ƙungiyoyinsu. Ga shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, ku sa zancen nan cikin kowace yarjejeniya, kada ya zama abin da ake fara jefarwa in ciniki ya yi zafi. Ga ku kuma 'yan'uwana mata, ku karanta takardar ɗaukar aiki kafin ku sa hannu, ku nemi hutun a rubuce tare da takardar likita, ku ajiye kwafe. Wadda aka sallama saboda ciki ta sani akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana kuma da reshe a nan Jos.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da aka haifa. Wassalam.