Idan zawo ya ƙi tsayawa ga ɗan kwikwiyo

Jawabin ma'aikacin lafiyar dabbobi a taron masu unguwanni da iyaye mata na sansani



Na ga wasu sun yi murmushi da aka ce zancen kare ya tara mu. Na san abin da ke ranku: mutum bai gama da cikinsa ba, ina shi ina cikin kwikwiyo? Kuna da gaskiya. Amma ku duba inda kwikwiyon nan yake zawonsa. A tsakar gida ne, inda jariri ke rarrafe, kusa da murhu da jarkar ruwa, kuma ɗakunanmu a manne suke da juna. Saboda haka maganar rabinta ta kare ce, rabinta ta 'ya'yanmu.

Kwanan baya wani yaro ya kawo mini nasa a cikin kwali, ɗan mitsitsi, irin ƙananan nan da ko sun girma ba sa fin kyanwa da yawa. Kwana huɗu yana zawo. Na tambaye shi abin da yake ba shi, ya ce madarar gari yake dama masa, wai don ya yi ƙarfi. Tausayi ne ya sa shi, amma madarar ce take ƙara tsinka cikin. Madarar shanu, ta gari ko ta ƙwarya, tana da wani sukari da hanjin karnuka da yawa ba ya iya narkarwa. Haka ragowar miya mai yaji da mai. Albasa kuwa guba ce ga kare, tana lalata masa jini. Wani lokaci ma sauya abinci ne kawai farat ɗaya, musamman in an raba shi da uwarsa tun bai kai sati 8 ba.

Abin da ke kashe kwikwiyo da sauri shi ne ƙarewar ruwan jiki. Babban kare zai iya jure kwana biyu yana zawo, amma wanda nauyinsa bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba, yini guda ya isa ya kwantar da shi. Ku ɗaga leɓensa ku taɓa dasashi. Mai lafiya za ku ji danshi da santsi, launinsa ja-ja. In kun ji ya bushe yana kama yatsa, ruwa ya yi ƙasa. Sai ku haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda aka koya mana don yara: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A ba shi cokali ɗaya ko biyu, a dakata kamar minti 20, a sake. In akwai sirinji marar allura, a zuba ta gefen baki a hankali. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa, zai shaƙe, ruwan ya tafi huhu.

Akwai masu cewa a hana shi abinci yini guda cikin ya huta. Wannan na babban kare ne. Ƙaramin kwikwiyo ba shi da ajiya a jiki, in ya daɗe bai ci ba sukarin jininsa ya faɗi, sai ku ga yana rawar jiki, yana tangaɗi, har ya suma. In haka ta faru, a shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi. In ba ya amai, a dafa shinkafa ta yi luguf, ba mai, ba yaji, ba albasa, a sa ɗan dafaffen ƙwai ko kifi marar ƙaya in Allah ya hore. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a rana. Da kashin ya fara ɗaurewa, a riƙa cuɗa masa abincinsa na da, cikin kwana uku zuwa huɗu.

To, in an yi duk wannan zawon yana tafiya yana dawowa, yawanci tsutsar ciki ce. Kwikwiyo kan samo ta tun yana cikin uwarsa, ya ƙara samu ta nono. Za ku ga ciki ya yi tulu, haƙarƙari a waje, gashi ya yi furu-furu. Ana fara ba da maganin tsutsa yana sati 2, a maimaita duk bayan sati biyu har ya kai wata 3, sannan wata-wata har wata 6. Da nauyinsa ake auna maganin, shi ya sa nake roƙo a kawo shi a auna. Kada a ɓalli farasitamol ko ibufurofen a ba shi, suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. Kafson da aka saya a kasuwa ma a bar shi.

Ga inda abin ya shafi yara. Ƙwan wannan tsutsa yana fita cikin kashin kare, amma ba ya kama mutum a ranar. Sai ya yi sati biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna, daga nan kuma ya daɗe ƙwarai bai mutu ba. Yaro ya yi wasa da ƙasar, ya kai hannu baki, tsutsar ta ƙyanƙyashe a cikinsa, tana iya kaiwa hanta, wani lokaci har ido. Wata irin kuma ta fatar ƙafa take shiga in ana yawo ba takalmi. Kenan wanda ya kwashe kashin a ranar da aka yi shi ya riga ƙwan. A kwashe da shebur ko guntun kwali, a zuba a masai ko a binne da zurfi nesa da famfo. Babba ne zai yi, ba yaro ba, sannan ya wanke hannu da sabulu. Kwanon kare daban, kuma kada a wanke shi a bakin famfo inda mata ke jera bokitai.

Akwai zawon da ba a zama da shi a gida. In kun ga jini, ga wari mai tsanani, ga amai a kai a kai, kwikwiyo ya ƙi ko ruwa, ana zargin cutar da ake kira fabo. Ta fi kama masu sati 6 zuwa wata 6 da ba a yi wa rigakafi ba. Ba ta kama mutum, amma tana ƙarar da kwiyakwiyin layi guda, kuma tana yin watanni a ƙasa. A ware shi, a wanke kwanonsa da ruwan Javel, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa, a neme mu a ranar. Haka in dasashi ya yi fari, ko zawon ya wuce kwana biyu.

Tunda za ku kawo shi, in ya kai wata 3 a yi masa allurar haukan kare gaba ɗaya. In kuwa kare ya ciji wani, ko kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti. Yaron da ya fara zawo shi ma asibiti za a kai shi, kada a tsaya gwaji a gida.

Wanda yake da kwikwiyo mai zawo yanzu, ya aika a ɗauko shi bayan an tashi. Ina nan ƙarƙashin rumfa da ma'auni.