Lissafin da Ke Gaban Almakashi: Jawabi kan Yankan Alwatikar Ƙyalle

An nemi mu, malaman ɗinki da na lissafi, mu faɗi wani abu da muka koya a aji cikin zangon da ya shige. Mun zaɓi yadda ake yanka ƙyalle a siffar alwatika daidai da awo, domin ɗinka bargon haɗe-haɗe. Dalilinmu shi ne mun tafka kuskure a kansa, kuma ɗalibanmu ne suka kwana cikin asarar.

Bargon haɗe-haɗe hawa uku ne: a sama ƙananan ƙyallaye da aka harhaɗa, a tsakiya auduga, a ƙasa yadi guda, sannan a bi da ɗinkin da zai kama su duka. Sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka, inda baƙaƙen mata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama suka riƙa haɗa barguna da tsofaffin tufafin aiki, har aka baje aikinsu a gidan kayan fasaha na Whitney da ke New York a 2002. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya ga dawakin lifidi ranar hawan salla ya ga yadi mai cushe da aka bi da ɗinki. Dokokin awon da za mu kawo da inci aka tsara su, kuma da inci telolinmu ke awo, ko da yake a aji santimita muke koyarwa.

Ga abin da ya faru. Teloli sun ba mu buhun ƙyallaye kyauta, wasu yara kuma sun zo da ragowar atamfar iyayensu. Muna son kowane murabba'i ya fito inci 4 bayan an gama ɗinki, wasu na ƙyalle ɗaya, wasu na alwatika biyu masu launi daban. Mun san ɗinki yana cin kwatan inci a kowane gefe, saboda haka murabba'in ƙyalle ɗaya ana ƙara masa rabin inci, a yanka shi inci 4 da rabi. Sai muka ɗauka haka alwatika take. Muka ce su yanka inci 4 da rabi, su raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa.

Da aka haɗa alwatikun aka buɗe, sai kowane ya fito kimanin inci 4 da 1/8 maimakon 4 da rabi. Giɓin 3/8 na inci ba ya cika ido, amma da yayyafi kogi kan cika: layi mai guda 16 ya gaza na kusa da shi da inci 6. Ƙyallen da aka yanka ba ya komawa, kuma babu wani irinsa da za a ƙaro. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ina ƙyallen ya tafi?" A ranar ba mu da amsa. Sai da muka zauna da malamin lissafi a ofishin malamai sannan muka gano.

Amsar tana cikin ƙa'idar Fitagoras da muke rubutawa a allo kowace shekara. Layin da ya ratsa murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa ya ninka tsawon gefensa sau 1.414. Ɗinkin da ke haɗa alwatika biyu a kan wannan layi yake tafiya, a karkace, don haka kwatan incin da ya ci, idan aka auna shi ta gefe, yakan zama kusan 0.35 na inci. A tara da kwata biyu na gefuna, a samu 0.85. Alamar da ta fi kusa da wannan a tef ɗin awo ita ce 7/8. Nan ne doka ta fito: idan za a raba murabba'i gida biyu, a ƙara 7/8 na inci a kan awon da ake so. Mai son inci 4 ya yanka inci 4 da 7/8.

Idan kuwa gida huɗu za a raba shi, da yanka biyu masu gicciye, ɗinkin karkace ya zama biyu, sai a ƙara inci 1 da kwata. Mai son doguwar gefen alwatika ta fito inci 4, ya yanka murabba'i mai inci 5 da kwata.

Zaɓi tsakanin hanyoyin biyu ya rataya ne ga saƙar yadi. Yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance, kuma ta kansu ba ya miƙewa sosai, amma duk inda almakashi ya ratsa su a karkace, gefen yakan saki. A rabon gida biyu doguwar gefe ce mai saki, a rabon gida huɗu gajerun gefuna ne. Sai a zaɓi hanyar da za ta bar gefe mai ƙarfi a bakin bargo. Yaranmu da suka ja ƙyalle don ya kai awo, ta wannan gefe mai saki suka ja, aikinsu ya tattare ya ƙi kwanciya.

Yanzu ga yadda muke yi. Mukan wanke yadi mu goge kafin awo, domin na auduga yakan tsuke. Mukan zana layi da fensir mai tsini, saboda kaurin alli kaɗai ya isa ya ɓata awo. Mukan kifa murabba'i biyu fuska da fuska, mu ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, mu ɗinka kwatan inci a kowane ɓangarensa, sannan mu yanka a kan layin. Ta haka gefe mai saki yana ɗinke kafin hannu ya taɓa shi. Dutsen guga ɗorawa ake yi a ɗaga, ba a jan sa. Masu koyo mukan bar su su ƙara inci guda cif, su rage rarar bayan ɗinki. Kuma babu mai yanka na biyu sai ya haɗa na farko ya auna shi a gabanmu.

Yarinyar nan da ta yi tambaya, ita ce ta fito allo ta lissafa wa aji inda 7/8 ya samo asali, alhali a da ba ta buɗe baki a darasin lissafi. Gani ya kori ji. Saboda haka muna roƙon reshe ya isar da buƙatarmu ga shugabannin makarantu: a makon da za a koyar da ƙa'idar Fitagoras, a haɗa darasin lissafi da na ɗinki a aji ɗaya. Ba ma neman kuɗi, ƙyallaye na nan jibge a shagunan teloli. Sa'a biyu kawai muke nema a jadawali.