Ƙashin Mai Jinyar Sankarar Mama: Jawabin Baƙuwarmu Ma'aikaciyar Lafiya

Shugabar ƙungiya, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, ina taya mu murnar zagayowar wannan rana. Allah Ya ƙara haɗa kanmu. Minti goma aka ba ni, don haka bari in tafi kai tsaye.

Idan 'yar'uwa ta kamu da sankarar mama, abin da muka saba shi ne mu shimfiɗa mata katifa mu ce, "Yaya, kwanta abinki, kar ki taɓa komai." Tausayi ne, na sani. To amma kwanciyar nan in ta yi yawa, ƙashinta take ci.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo. A jikin mace, sinadarin da ake kira estirojin shi ke hana rushewar ta fi ginin yawa. Matsalar ita ce yawancin sankarar mama da wannan sinadarin take girma, shi ya sa likita kan ba da maganin rage shi, irin su letrozole da anastrozole, a sha shekara 5, wata har 10. Allurar kemo kuma takan ɗauke wa mace al'ada tun lokacinta bai yi ba. Maganin yana aikinsa, kar wadda ta je gida ta ajiye shi ta ce ni na faɗa! Sai dai ƙashi yana zaizayewa a hankali ba tare da ciwo ba, sai ranar da santsi ya kwashe mutum a banɗaki, ƙugu ko wuyan hannu ya karye.

Abin da ƙashi ke so shi ne a ɗora masa nauyi daidai ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Mai jinya ba da nan za ta fara ba. Ta fara da minti biyar, zagayen tsakar gida ma ya isa. Ta zauna a kujera ta miƙe sau goma. Ta cika gorar ruwa ƙarama ta riƙa ɗagawa. Ta dafa bango ta tsaya da ƙafa ɗaya, wannan shi ke rage faɗuwa.

Na san wata za ta ce, "Ai an ce kar in ɗaga komai da hannun da aka yi aiki, zai kumbura." Da haka ake cewa, musamman ga wadda aka cire wa kaluluwar hammata. Amma wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya nuna ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali, bai ƙara kumburin ba. Ku lura, sannu a hankali na ce. Ba wai a tashi rana ɗaya a ɗauki taɓarya a surfa kwano biyu na gero ba.

Abinci kuwa muna da shi: nono, kindirmo, zogale, miyar kuka, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. A ɗan sha hantsi kuma, don rana ke sa jiki ya samar da bitamin D.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Sankarar nan takan yaɗu zuwa ƙashi, musamman gadon baya, ƙugu da haƙarƙari. Wadda abin ya kai nan, ba ta ɗaukar tulu a ka, ba ta jan guga, ba ta fara wani motsa jiki sai likitanta ya tsara mata. Ciwon baya da ke tashin mutum da dare, ko ƙafa ta yi sanyi ta mutu, ko fitsari ya riƙa kufcewa, wannan ba na mai ɗori ba ne, ba na man zafi ba ne. Asibiti, a ranar. Jinkirin kwana biyu kan iya sa mace ta daina tafiya.

Wadda ke shan waɗancan ƙwayoyi ta tambayi likita batun hoton auna ƙarfin ƙashi, DEXA ake ce masa. Yawanci sai manyan asibitoci ake samunsa, kuma da kuɗi. Nan nake roƙon Shugaba, a duba ko asusun taimakon ƙungiya zai iya ɗaukar ko da kuɗin mota ne. Sannan kowace mai jinya a haɗa ta da mace ɗaya a layinsu da za ta riƙa biyo mata bayan la'asar su ɗan taka.

Lokacina ya cika. Mai tambaya ta same ni bayan an ci abinci.